Fasto ya yi wa'azi a kaina: shiru zan yi ko magana?

"Baba, ina gaisuwa. Shekara 6 ke nan ina taimaka wa ma'ajin ikilisiyarmu wajen ƙirga baiko da rubuta lissafi. Wata 3 da suka wuce na lura ana fitar da kuɗi daga asusun gini ba tare da an cike takardar da muka saba cikewa ba. A taron kwamiti tambaya ɗaya kawai na yi, na ce a ina za a rubuta waɗannan kuɗi. Lahadin da ta biyo baya fasto ya yi wa'azi a kan Maryamu 'yar'uwar Musa da ta kuturce don ta yi maganar bawan Allah. Ya karanta 'kada ku taɓa shafaffuna', ya ce akwai wata a cikinmu da ruhun tawaye ya shige ta, in ba ta tuba ba za ta gani a jikinta. Bai kama sunana ba, amma kowa ya waiwayo ya dube ni. An karɓe littafin lissafi daga hannuna. Wasu sun daina amsa gaisuwata, har ana cewa ni na ci kuɗin. Maigidana ya ce in yi shiru, Yesu ma bai buɗe baki ba. Ni kuma barci ya gagare ni. In na yi magana, na rasa tawali'u ke nan? In na yi shiru, ban haɗa kai da ƙarya ba? Kuma gaskiya ina tsoron bakinsa."

'Yar'uwata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin na ɗauki alƙalami, don na san irin wannan ciwo ba ƙarami ba ne. Duka a gidan Allah ya fi duka a waje zafi, saboda nan ne mutum ya ajiye garkuwarsa ya shigo. A yadda na fahimta, abu uku ne suka cuɗe a zuciyarki: an ɓata miki suna, akwai batun kuɗin jama'a da har yau ba a amsa ba, sannan ga barazanar da aka yi miki da sunan Allah. Amsarsu ba ɗaya ba ce, kuma rabin wahalarki daga nan take, kina neman magani ɗaya ga ciwo uku.

Tun farko bari in faɗa miki iyakata. Bakinki kaɗai na ji. Ban ji na fasto ba, ban ga littafin ba. Yana yiwuwa kuɗin nan sun tafi inda ya dace, sakaci ne kawai aka yi wajen rubutu. Na sha ganin haka. Saboda haka ba zan ce miki fastonku ɓarawo ne ba, kuma ke ma kada ki faɗa. Amma ko da kowane kuɗi ya shiga bulo da siminti, ɗaukar tambayar da aka yi a ɗakin kwamiti a hau da ita mumbari a yi wa mai ita gugar zana laifi ne mai zaman kansa. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Yesu da ya yi shiru, da Yesu da ya yi tambaya

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Ishaya 53:7 ta kwatanta Almasihu da tunkiyar da ta yi shiru a gaban masu sausayarta, kuma a gaban Bilatus ya ƙi amsa ƙararrakin da aka jero masa har gwamnan ya yi mamaki. Ina ganin tsoron abin da zai same ki ne ya sa maigidan naki ya faɗi haka, kada ki riƙe shi da shi. Sai dai ki buɗe masa Yahaya 18:22-23 ku karanta tare. A daren da aka kama Yesu, a gaban Hanana babban firist, wani dogari ya mare shi yana cewa haka ake amsa wa babban firist? Yesu bai rama ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya ce masa in mugun abu na faɗa, kawo shaida a kai. In kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Wanda ya koyar da juya ɗaya kuncin ne yake wannan tambaya. Tun zamanin Agustin, bishop na Hippo da ya rasu a shekarar 430, masu bi suka lura da wannan, shi kuma ya bayyana cewa juya kunci shiri ne na zuciya, a shirye kake ka ƙara shan wuya ba tare da ramuwa ba, ko da bakinka yana faɗin gaskiya.

Ki lura da inda Yesu ya yi shiru da inda ya yi magana. Shaidun zur da suka zo suna ta saɓa wa juna, bai ɓata bakinsa a kansu ba. Da aka tambaye shi ko shi ne Almasihu, ya amsa a fili, ya kuma san amsar ce za ta kai shi gicciye. Bitrus da ya ga daren da idonsa ya taƙaita abin a 1 Bitrus 2:23: an zage shi bai rama ba, ya sha wuya bai yi kashedi ba, ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Abin da ya bari shi ne ramuwa da barazana. Faɗin gaskiya bai bari ba ko sau ɗaya.

Kalmar da aka fassara mana "tawali'u" a Matiyu 5:5 ita ce praus a Helenanci. Aristotal, masanin falsafar Girka, ɗaruruwan shekaru kafin Sabon Alkawari, ya yi amfani da danginta don halin mutumin da ya mallaki fushinsa, wanda ke tsakanin mai saurin hasala da wanda ba abin da ke motsa shi. Amma Yesu daga Zabura 37:11 ya ɗauko maganarsa, kuma zaburar nan ita ce zan so ki riƙa karantawa a dararen da barci ya ƙi zuwa. Daga farkonta zuwa ƙarshe magana ce ga wanda mugu ya fi ƙarfinsa: kada ka bar ranka ya ɓaci, danƙa hanyarka ga Ubangiji, shi zai fito da gaskiyarka sarai kamar hasken rana tsaka. Mai tawali'u shi ne wanda ya sauke wannan kaya na wanke kansa da ƙarfin tsiya, ya ɗora wa Allah. Kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wanda ya sauke kayan nan shi ne ya fi kowa iya magana, don ba abin da ya rage da za a tsorata shi da shi. A Matiyu 21, aya ta 5 ta kira Yesu sarki mai tawali'u a kan jaki. Aya ta 12 ga shi yana birkice teburan 'yan canji a Haikali. Mutum ɗaya ne, babi ɗaya.

Akwai kuma wata kalma, wadda muke cewa gaba gaɗi, ita ce parresiya a Helenanci. Asalinta 'yancin ɗan ƙasa ne a Atina ya tashi a taro ya faɗi abin da ke ransa ba ɓoye-ɓoye. Ba tsawa ba ce, ba kuma rashin kunya ba. A Ayyukan Manzanni 4, bayan majalisar Yahudawa ta yi wa Bitrus da Yahaya kashedi, masu bi sun taru suka yi addu'a. Ba su roƙi wuta ta sauko a kan majalisa ba. Cewa suka yi, ya Ubangiji, dubi kashedinsu, ka ba bayinka su faɗi maganarka gaba gaɗi.

"Kada ku taɓa shafaffuna"

Wannan aya ta sha wahala a hannunmu masu wa'azi, kuma ina faɗin haka da baƙin ciki. Tana Zabura 105:15, an maimaita ta a 1 Tarihi 16:22. Ki koma aya 3 baya ki ga da wa ake. Ana ba da labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan mulki zuwa wancan, sai Allah ya tsawata wa sarakuna saboda su. Wato garkuwa ce da Allah ya miƙa wa marasa ƙarfi a gaban masu iko. Mu kuma muka juya ta, mai iko ya ɗauka yana tare kansa daga tambayar marar ƙarfi. A Sabon Alkawari kuwa shafewa ba ta mutum ɗaya ba ce a ikilisiya. 1 Yahaya 2:20 da 27 sun ce wa dukan masu bi an shafe su. In za a karanta ayar nan a ikilisiyarku, ke ma tana rufe ki.

Sai batun Dawuda da Saul, wanda nake da tabbacin za a kawo miki. Gaskiya ne Dawuda ya ƙi miƙa hannu ya taɓa shafaffe na Ubangiji. Amma taɓawar da ya ƙi, kisa ce. A 1 Sama'ila 24, da ya fito daga kogon nan na En-gedi riƙe da shafin rigar Saul, ya ɗaga murya a gaban sojoji ya ce wa sarki kana farautar raina ba laifin da na yi maka, Ubangiji ya shara'anta tsakanina da kai. Ya rusuna, ya kira shi ubangijina sarki, har ya kira shi babana, duk da haka bai rage ko kalma ɗaya daga laifin ba. Akwai kuma wani ɗan abu a ƙarshen babin da nake yawan nuna wa mutane. Saul ya yi kuka, ya ce ka fi ni adalci, ya koma gida. Dawuda da mutanensa kuwa suka hau mafakarsu. Bai bi shi fada ba. A babi na 26 ma, da ya ɗauke mashin sarki, daga can ƙetare ya tsaya ya ce a aiko wani saurayi ya karɓa. Ya yafe, ya girmama, amma bai sake zama inda mashi zai same shi ba.

Labarin Maryamu da aka yi miki wa'azi da shi yana Littafin Ƙidaya 12. Ita da Haruna kishin matsayi ne ya ci su, suka fake da matar Musa, suna cewa ta bakin Musa kaɗai Ubangiji ya yi magana? Wannan ba tambayar lissafi ba ce. Kuma ki dubi abin da Musa ya yi: bai ce uffan don kare kansa ba, bai yi mata baki ba, da kuturta ta kama ta shi ne ya yi kuka ga Allah ya warkar da ita. Duk mai son ya ari rigar Musa ya hau mumbari, to ya ari halinsa duka. Musa ne surukinsa Yetro ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, ya kuma saurara. Musa ne ya iya cewa a gaban Allah ko jaki ɗaya ban karɓa daga hannunsu ba. Sama'ila ma da zai sauka, shi da kansa ya tsaya gaban jama'a ya ce san wa na ɗauka, jakin wa na ɗauka, wa na zalunta, ku ba da shaida in biya. Bulus kuwa, da ake tara gudunmawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. 2 Korantiyawa 8:18-21 ta nuna ikilisiyoyi ne suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka kyautar, don kada kowa ya sami abin zargi, yana cewa muna neman abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Tambayar da kika yi a kwamiti, tambayar da manzo ya shirya amsarta ce tun ba a yi masa ita ba.

Ba na so ki ɗauka ina rushe ikon shugabanni. Ibraniyawa 13:17 tana nan, ta ce a yi musu biyayya, kuma na san nauyin da ke kan makiyayi, na san yadda tsegumi ke iya karya mutumin kirki. Shi ya sa 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu 2 ko 3. Amma ayar Ibraniyawan da kanta ta ce shugabannin nan za su ba da lissafi, aya ta 20 ta Timoti kuma ta ce masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa. Littafin da ya tsara yadda za a kai ƙarar dattijo bai ɗauki kai ƙarar a matsayin tawaye ba. Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su nuna wa garken sarauta. Yahaya a wasiƙarsa ta 3 ya kama sunan Diyotarifis, mai son shugabanci, mai ɓata sunan 'yan'uwa da mugayen maganganu, mai korar mutane daga ikilisiya, ya ce in na zo zan tuna masa abin da yake yi. Har akwai inda Bulus ya yi wa Korantiyawa faɗa saboda haƙurinsu: a 2 Korantiyawa 11:20 ya ce kuna jure wa wanda ya bautar da ku, ya cinye ku, ya ɗaga muku kai, ya mare ku. Ba yabo yake yi musu ba. Akwai haƙurin da ke ciyar da azzalumi.

Tarihin kwanan nan ma ya nuna inda koyarwar "biyayya ba tambaya" ke kai mutane. A shekarun 1970 wasu sanannun masu wa'azi 5 da ke da cibiya a Fort Lauderdale a Amurka suka yaɗa tsarin da kowane mai bi zai kasance ƙarƙashin "makiyayi" na kansa. Niyyar almajirantarwa ce, amma a wurare da yawa abin ya kai ga mutum ba ya yanke shawarar aure ko aiki ko ƙaura sai da izini. Ɗaya daga cikinsu, Derek Prince, ya janye a 1983, wani kuma, Bob Mumford, ya fito ya nemi gafara a fili a 1989. Mutane ne masu son Allah, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Abin da wani dattijo ya koya mini

Ni ma na taɓa yin abin da aka yi miki. A shekaruna na farko a aiki na sayi kayan sauti da kuɗin ikilisiya ban jira majalisar dattawa ta zauna ba. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya tambaya a taro wa ya ba da izini. Na ji kamar an tsinka ni. Lahadi na hau na yi wa'azi a kan Kora, wanda ya yi wa Musa tawaye ƙasa ta haɗiye shi. Yana zaune a layi na uku, Littafinsa a buɗe a kan gwiwa, bai ɗago ba har na gama.

Ranar Talata ya ƙwanƙwasa ofis. Ya zauna, ya tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Fasto, wa'azin Lahadi, da ni kake?" Na ce maganar Allah ce, wanda ta taɓa ta taɓa. Ya yi ɗan jim, ya ce, "To. In da ni kake, ga ni na zo, faɗa mini laifina in tuba. In ba da ni kake ba, ka faɗa wa jama'a, don su sun ɗauka da ni kake." Muryarsa ba ta tashi ba. Na ga hannunsa yana ɗan rawa a kan murfin Littafin, nan na gane ba don ba ya jin zafi ba ne. Kafin ya fita ya ce mu yi addu'a, ya yi wa 'ya'yana addu'a da sunayensu. A taron majalisa na gaba kuma ya sake yin tambayarsa, da murya iri ɗaya, bai ƙara mata gishiri ba, bai kuma janye ta ba. Mako 2 na yi ina kokawa da lamirina kafin na tsaya a gaban jama'a na nemi gafararsa. Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Da ya yi shiru ya daina zuwa, da na ce Allah ya raba mu da fitina, na kuma ci gaba da halina.

Ba kullum ake ƙarewa haka ba. Na zauna a shari'o'in da mai gaskiya ya bi kowane mataki, majalisa kuma ta rufa wa shugaba asiri don gudun abin kunya. Ba zan yi miki alkawarin cewa in kin yi daidai za a ce kin yi daidai ba.

To, me za ki yi?

Ki raba kayan nan uku. Batun sunanki, a nan ne tawali'u zai fi cin ki. Kada ki bi gida gida kina wanke kanki, kada ki tara 'yan bayanki, kada ki hau Facebook da habaici, ko da aya za ki yi habaicin da ita. Wanda ya daina amsa gaisuwarki, ci gaba da gaishe shi. Wanda ya tambaye ki kai tsaye, ki ba shi gajeriyar amsa: ban taɓa kuɗin ikilisiya ba, tambaya na yi a kwamiti, kuma ina maraba da a binciki duk shekarun da na riƙe littafi. Ƙaryata ƙarya ba girman kai ba ne. Bulus da Sila an yi musu bulala a Filibi ba shari'a, da safe mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ce a'a, su zo da kansu su fitar da mu. Yana barin 'yar ƙaramar ikilisiya a garin, bai so a bar ta da tambarin masu laifi ba.

Batun kuɗin kuwa ba naki ba ne da za ki yafe. Abin da aka yi miki kina iya bari don Allah. Abin da gwauruwa ta saka a baiko amana ce, kuma shekara 6 kina cikin masu riƙe ta. Ki zauna ki rubuta abin da kika gani da idonki: ranaku, adadi, wanda yake wurin. Abin da kike zato ki bar shi waje. Sannan ki nemi ganin fasto, bisa Matiyu 18:15. Saboda ya riga ya yi miki barazana, kuma shi ke da iko, ban ba ki shawarar ki shiga ke kaɗai ba. Ki tafi da maigidanki ko wani dattijo da ku duka kuke ganin girmansa. Ki gaishe shi da girmamawar da matsayinsa ya cancanta, ki yi masa tambayar da dattijon nan ya yi mini, ki kuma ce tambayarki ta lissafi tana nan. In kin san akwai inda harshenki ya yi kaifi a taron kwamitin, ki fara da neman gafarar wannan, shi kaɗai. Bulus ya taɓa ce wa babban firist Hananiya farar katanga, da aka nuna masa wanda ya zaga sai ya janye zagin, amma bai ce umarnin a buge shi a baki daidai ne ba. Kada ki yarda a sa ki tuba daga laifin da ba ki yi ba don a zauna lafiya. Wannan ƙarya ce, ko da a durƙushe aka yi ta.

In bai saurara ba, ki kai wa majalisar dattawa a rubuce, ki ajiye kwafi. In su ma sun toshe kunne, yawancin ɗariƙu suna da hukuma a sama da ikilisiya ɗaya, kuma tsarin mulkinku zai nuna hanyar kai ƙara. Ki nemi kwafinsa ki karanta sashen kuɗi da na horo. Inda fasto shi ne ya kafa ikilisiyar, shi ne majalisa, shi ne ma'aji, ba kowa a samansa, to hanya ta ƙare da wuri, kuma wannan kansa abin dubawa ne. Wani abu kuma da nake faɗa duk lokacin da irin wannan magana ta taso, ko da bai shafe ki ba: in abin ya kai ga duka, ko lalata da yara, ko tilasta wa mace, ba a tsayawa matakan sulhu. Hukuma ake kai wa, don Romawa 13 ta ce ita ma mai yi wa Allah hidima ce wajen hukunta masu mugunta.

Tafiya kuma ba zunubi ba ce. Ba na son mutum ya bar ikilisiya da fushin rana ɗaya, amma in kin bi hanya har ƙarshenta, kuma kowace Lahadi da faɗuwar gaba kike shiga, ki tafi inda za a yi kiwonki, ki faɗa wa dattawa dalili a rubuce ba zagi. Mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya 9, shugabanni sun kore shi don ya ƙi musun abin da ya sani. Aya ta 35 ta ce da Yesu ya ji an kore shi, sai ya neme shi ya same shi.

Yadda za ki gane ko zuciyarki tana kan hanya, ga gwajin da nake yi wa kaina. In gobe aka kawo takardu suka nuna kuɗin nan lafiya lau suke, za ki ji daɗi ko za ki ji an kayar da ke? Kina iya yi wa fasto addu'ar alheri da sunansa? Ba na ce yau za ki iya ba. Fushi a kan zalunci ba laifi ba ne, kuma Zabura cike take da mutanen da suka kai wa Allah nasu ɗanye. Ki kai masa naki haka, don kada ya bi ki ɗakin taro.

Tsoron bakinsa

Wannan na bar shi ƙarshe don na ga shi ne ke hana ki barci. Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba dalili kamar tsuntsu take mai shawagi, ba ta sauka. Bal'amu, da aka biya shi ya la'anta Isra'ila, da bakinsa ya ce ƙaƙa zan la'anta wanda Allah bai la'anta ba? Da Yakubu da Yahaya suka so kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu juyowa ya yi ya tsawata musu. Bulus ya ce wa Korantiyawa har sau 2 ikon da Ubangiji ya ba shi na ginawa ne, ba na rushewa ba. Ba wanda aka naɗa aka ba shi mabuɗin lafiyar jikinki. Ina faɗa miki wannan tun yanzu saboda ɗan Adam ba ya rasa ciwo. Wata rana za ki yi zazzaɓi, ko yaro ya faɗi, ko kasuwa ta ja baya, sai wata murya ta ce miki ga shi nan ya fara. Masu biyayya ma suna zazzaɓi. Ki sha magani, ki yi addu'a, kada ki koma ki durƙusa don tsoro. In kuma rashin barcin nan da bugun zuciya suka wuce makonni, ki ga likita. Ni fasto ne, wannan ɓangaren ba nawa ba ne.

A makon nan abu biyu kawai nake so ki yi: ki rubuta abin da kika gani tun ba ki fara manta ranaku ba, ki kuma zauna da maigidanki ku karanta Yahaya 18 da 1 Sama'ila 24, don zai fi miki sauƙi ƙwarai in yana gefenki ranar da za ki shiga ofishin. In kin sami tsarin mulkin ikilisiyarku, ki aiko mini da sashen da ya shafi kuɗi da kai ƙara, mu duba tare wa ya kamata takardarki ta fara isa hannunsa. Ina yi miki addu'a, ina kuma yi wa fastonku.